Idan Kika Ji Warin Taba A Rigar Ɗanki

Darasinmu na wannan fitowa daga bakin wata ɗalibata ya samo asali. Na nemi izninta kafin in rubuta, ta amince da sharaɗin ba zan ambaci sunanta ko unguwarsu ba.

Wata ranar Asabar ce a nan Tambuwal, mun tashi daga ajin matan aure, kowa ta kama hanya, ita kuwa ta tsaya tana ta naɗe gefen hijabinta. Da aji ya watse sai ta matso ta ce, "Malama, ina da magana, amma don Allah ta tsaya tsakaninmu." Ashe wanki take yi, ta sa hannu a aljihun rigar ɗanta mai shekara 15, ta ci karo da ashana da guntun sigari an naɗe shi cikin takardar littafin makaranta. Na tambaye ta yaushe abin ya faru. Ta ce an yi wata 4. Na ce to me kika yi a kai? Ta ce, "Mi zan yi, Malama? In babanai ya jiya, kashe shi za ya yi. In ko abokiyar zamana ta jiya, na shiga uku da gori. Addu'a dai nike yi. Kuma tun rannan ni ka yi mai wanki da kaina, don kada wani ya ji warin."

Wannan magana ta ƙarshe ita ta hana ni barci. Uwa ce ta fara sani, kamar yadda kusan kullum uwa ke fara sani, domin ita ke taɓa tufafi, ita ke shiga ɗaki, ita ke jin numfashin yaro idan ya durƙusa gaishe ta. Amma duk ƙoƙarinta na wata 4 ya tafi ne wajen rufa asiri, alhali a cikin watannin nan ne abin ke yin saiwa.

Me ya sa wata 4 ya yi yawa?

A cikin ganyen taba akwai wani sinadari da ake kira nikotin. Idan mutum ya zuƙi hayaƙi, nikotin na bi ta huhu ya shiga jini, ya isa ƙwaƙwalwa cikin kamar daƙiƙa 10, wato kafin ki gama ɗaura kallabi. Yana isa sai ya sa mutum ya ji wata 'yar natsuwa da wartsakewa. Ba ta daɗewa. Tana gushewa sai jiki ya nemi ƙari. A hankali ƙwaƙwalwa kan saba, har ya zamana idan babu nikotin mutum ba ya jin daidai: ga saurin fushi, ga ciwon kai, ga rashin natsuwa. Daga nan ya daina sha don jin daɗi, ya koma sha don ya rabu da rashin daɗin da tabar ce ta jawo masa tun farko.

Likitoci sun ce ƙwaƙwalwar ɗan Adam ba ta gama ƙosawa sai wajen shekara 25, shi ya sa ta yaro ta fi saurin kamuwa. Wani bincike da aka yi a kan 'yan makaranta a Amurka, aka buga shi a 2000, ya gano cewa wasu yaran sun fara nuna alamun kamuwa cikin 'yan kwanaki ko makonni da fara sha jefi-jefi, tun ma ba su kai ga sha kullum ba. Wani nazarin kuma na masana a Landan, wanda ya fito a 2018, ya nuna cewa cikin mutum 5 da suka taɓa gwada kara ɗaya, sama da 3 sun kai ga sha kullum, ko da na wani lokaci ne. Sannan rahoton babban likitan gwamnatin Amurka na 2012 ya ce kusan 9 cikin 10 na manyan da ke shan taba sun fara ne kafin su wuce shekara 18. Ki duba mazan da kika sani masu sha, ki tambaya a hankali. Da wuya ki sami wanda ya fara bayan ya yi aure ya tara iyali. Kenan idan Allah Ya taimake ki kika tsallakar da yaro shekarun nan na tashen balaga bai ɗauka ba, mafi yawan haɗarin ya wuce.

Nikotin shi ne igiyar da ke ɗaure mutum, amma sauran abubuwan da ke cikin hayaƙin su ke yin kisa. Akwai sinadarai sama da 7,000 a hayaƙin sigari, kusan 70 daga ciki an tabbatar suna kawo ciwon daji. Akwai baƙin danƙo mai kama da kwalta da ke liƙewa a huhu. Akwai irin gubar nan da ke fita daga hayaƙin janareto, wadda muke jin ta kashe iyali guda idan an kwana da shi a cikin ɗaki, ita ma tana ciki, sai dai kaɗan-kaɗan take shiga. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce taba na kashe sama da mutum miliyan 7 kowace shekara, kuma sama da miliyan 1 daga cikinsu ba su taɓa sa ta a baki ba, hayaƙin wasu suka shaƙa. Ta kuma ce takan kashe har rabin masu shanta da ba su daina ba. Mai sha ya fi saurin kamuwa da tarin fuka, ga ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki. Jaririn da ke kwana ɗakin da ake busa hayaƙi ya fi yawan ciwon haƙarƙari da ciwon kunne, mai asma kuma tasa ta riƙa tashi.

Samari suna da nasu fatawoyin. Za ki ji an ce tana maganin sanyin hunturu, ko tana narkar da abinci, ko kuma in an sha madara a kai ta wanke ƙirji. Madara ciki take zuwa, hayaƙi kuwa huhu. Ba su ma haɗu a hanya ba, balle ɗaya ya wanke ɗaya.

Ta ina take shiga hannunsu?

A nan ne nake son mu yi wa kanmu adalci. Da an tambayi uwa sai ta ce abokai ne. Gaskiya ne, zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Garinmu yana kan babbar hanyar da ta taso daga Sakkwato ta nufi Jega, manyan motoci ba sa yankewa, tasha ba ta barci. Yaro mai dako ko mai kabu-kabu yana wuni cikin manya, yana riƙe da kuɗinsa na kansa tun bai mallaki hankalinsa ba. A ƙauyukanmu na Kebbe da Kuchi, da su Sanyinna da Dogon Daji, da an kawar da amfanin gona samari sun tafi cin-rani Kudu. Wani ya tafi da bakinsa fes, ya dawo da sabon wando da waya da kwalin sigari a aljihu, ƙannensa na kallonsa a matsayin wanda ya waye. Ga teburin mai shayi, ga gidan kallon ƙwallo, ga majalisar dare a bayan makaranta. Duk wannan akwai.

Amma kafin abokai akwai aike. Yara nawa ne a garuruwanmu suka fara riƙe sigari a ranar da uba, ko kawu, ko yaya, ko maƙwabci ya miƙa musu kuɗi ya ce, "Kai, zo ka sawo man kara biyu"? Wani ma har ya ƙara da cewa a kunno masa ita a wurin mai tebur. Yaron da aka ce ya kunno, yaya zai yi ta kama in bai zuƙa ba? Ya san wurin da ake sayarwa, ya san sunayenta da kuɗinta, mai tebur ya san fuskarsa. Ranar da ya je saye don kansa babu mai tambayarsa, za a ɗauka aike ne.

Akwai kuma wadda ta fi wannan ciwo, kuma tamu ce mu mata. Wasunmu muna sana'a daga cikin gida, abin yabo ne. To amma sai ki ga an ɗora wa yarinya faranti, goro a gefe, alewa a gefe, kwalin sigari da ashana a tsakiya, an tura ta tasha ko kasuwa. Ribar da ke cikin kwalin nan nawa ce, da za ta biya tsayuwar 'yarki a gaban mazan da ke busa mata hayaƙi a fuska? Wadda ke yin haka, don Allah 'yar'uwa, ki cire shi daga farantin tun yau. Gyaɗa ma sana'a ce.

Abin da da yawa ba mu sani ba shi ne, hukuma ma ta hana duk wannan. Nijeriya ta shiga yarjejeniyar duniya ta yaƙi da taba a 2005. A 2007 gwamnatin Jihar Kano, da ta Legas, da Gwamnatin Tarayya sun kai manyan kamfanonin taba kotu bisa zargin suna janyo ƙananan yara. Sannan a 2015 aka sa hannu a dokar taba ta ƙasa. Dokar ta hana sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba, ta hana a sa wanda bai kai 18 ba ya sayar, ta kuma hana sayar da sigari kara-kara, sai dai kwali mai kara 20 a rufe. Daga 2021 kuma aka wajabta buga hotunan cututtukan da taba ke kawowa a jikin kwalin.

Ki lura da hikimar hana kara-kara. Yaro ba shi da kuɗin kwali, amma yana da canjin da ya rage na aike ko na karin kumallo. Kwali yana da wuyar ɓoyewa, kara ɗaya kuwa a nan take ake shanye shi. Kuma wanda ya sayi kara ɗaya ba zai taɓa ganin hoton ruɓaɓɓen huhun da ke jikin kwali ba, kwalin yana hannun mai tebur. Duk wadda ta leƙa tebur a unguwarsu ta san ana nan ana sayarwa kara-kara. Masu teburin nan kuwa ba baƙi ba ne, ƙannenmu ne da 'ya'yan maƙwabta, wani ma mijin ɗaya daga cikinmu ne. Magana daga mai unguwa, ko limami, ko dattijuwar da ake jin nauyinta, ta fi saurin isa gare su fiye da takardar da aka sa wa hannu a Abuja.

Kada kuma mu ce abin na maza ne kawai. Binciken da aka yi a faɗin Nijeriya a 2012 ya nuna cikin maza 100 kusan 10 na amfani da taba, cikin mata 100 kuwa kamar 1. To amma tun daga lokacin shisha ta yaɗu a birane, da ƙamshinta na tuffa da na'a-na'a, kuma 'yan mata na cikin masu sha a wuraren biki da ɗakunan kwanan ɗalibai. Ana ce musu ruwan da ke cikin tulun yana tace dafin. Ba ya tacewa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi tun 2005 cewa zaman shisha na awa ɗaya na iya sa mutum ya zuƙi hayaƙin da ya kai yawan na kara 100 ko fiye. Mai 'ya a makaranta a Sakkwato ko wani birni, ta san da wannan. Haka taba gari da tsofaffinmu ke sa wa kanwa su cusa a leɓe, ita ma nikotin ce, kuma tana kawo ciwon daji na baki. Jika yana kallon kaka.

Matsayin shari'a

Yaron da ya yi 'yar makaranta zai iya ce miki, "Ai malamai sun yi saɓani, makaruhi ce kawai." Ya kamata ki san amsar.

Taba ba ta nan a zamanin Manzon Allah (SAW), ba ta nan a zamanin Imamu Malik. Daga nahiyar Amurka ta fito, ta iso ƙasashen Musulmi wajen ƙarshen ƙarni na 16. Da ta zo, malamai sun yi saɓani da gaske. Shehu Ahmad Baba na Tumbuktu, babban malamin Malikiyya, ya yi rubutu a 1607 yana ganin halaccinta, domin a ganinsa ba ta gusar da hankali kamar giya. Shehu Ibrahim Laƙƙani na Masar, mai Jauharatut Tauhid da ake karantawa a zaurukanmu, shi kuma ya yi rubutu yana hana ta. Haka Muhammadul Wali na ƙasar Bagarmi, gabas da Borno, ya wallafa littafi a kan haramcinta a ƙarni na 17. Ɗariƙar Tijjaniyya kuwa sananne ne ta hana mabiyanta taba.

Abin lura shi ne, malaman da suka sassauta a wancan zamani sun yi haka ne a lokacin da ba a san cutarwarta ba, har wasu na ɗaukarta magani. Sai a 1950 ne masana biyu a Ingila, Richard Doll da Bradford Hill, suka fito da hujja mai ƙarfi cewa tana kawo ciwon dajin huhu. Daga 1951 aka bi rayuwar likitoci maza kimanin 34,000 har shekara 50, sakamakon da ya fito a 2004 ya nuna masu sha suna mutuwa da wuri da kimanin shekara 10 a kan marasa sha. Da cutarwa ta tabbata, hujjar sassauci ta faɗi. Shi ya sa mafi yawan malaman wannan zamani suka tafi a kan haramci, kamar yadda Muftin Masar Nasr Farid Wasil ya ba da fatawa a 2000.

Dalilan ba baƙi ba ne ga duk wadda ta zauna aji. Aya ta 195 a Suratul Baƙara ta hana mutum jefa kansa cikin halaka. Aya ta 157 a Suratul A'araf ta nuna abubuwa masu tsarki aka halatta mana, miyagu kuwa an haramta. Ayoyi na 26 da 27 a Suratul Isra'i sun yi tir da almubazzaranci. Hadisi na 32 a cikin Arba'una, wanda 'ya'yanmu ke haddacewa, ya hana cutar da kai da cutar da wani. Kuma idan an umarci wanda ya ci ɗanyar albasa ko tafarnuwa ya nisanci masallaci saboda wari, alhali su halal ne, mu da muke noma albasa mun san warinta bai kama ƙafar na taba ba. Nakan tambayi ɗalibaina maza tambaya ɗaya: wa ya taɓa jin mai shan taba ya yi bisimilla kafin ya kunna, ko ya yi hamdala da ya gama? Sai su yi dariya, amma sukan yi shiru daga baya.

To, kin ji warin. Sai me?

Kurakurai biyu na fi gani. Na farko shi ne na ɗalibata, wato rufa-rufa. Na biyu kishiyarsa ne: kururuwa a tsakar gida, a tara masa ƙanne da matan gida, a kira shi ɗan iska, ɗan taba, a bi da duka, wata ma har ta ɗaga hannu ta yi masa baki. 'Yar'uwa, ki ji tsoron Allah a kan bakinki. Manzon Allah (SAW) ya hana mu yi wa 'ya'yanmu mugunyar addu'a, kada ta dace da lokacin karɓa. Kuma yaron da aka tozarta a gida, ina zai nufa in ba majalisar da ba a ƙyamarsa ba? Kin kore shi ne zuwa wurin da kike gudu. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar.

Ki bari sai zuciyarki ta sauka, ko da kwana ɗaya ne, amma kada ya wuce mako. Ki kira shi ɗakinki da dare bayan ya ci abinci, ku biyu kawai. Kada ki ce, "Kana shan taba?" domin amsar ita ce a'a, kin kuwa buɗe masa ƙofar ƙarya. Ki ajiye abin da kika gani a gabansa ki ce, "Ga abin da na tarar a aljihunka. Ban gaya wa kowa ba tukuna. Ina son in ji daga bakinka." Sannan ki yi shiru, ki bar shi da shirun. Kada ki ɗauko Alƙur'ani ki ce ya rantse. Yaron da tsoro ya kama zai iya rantsuwa a kan ƙarya, kin ga an bar ƙaramin laifi an faɗa babba.

In ya buɗe baki, abin da kike son sani shi ne tun yaushe, kara nawa a rana, a ina, da su wa, da kuɗin wa, kuma ko akwai wani abu bayan sigari. Ki saurari dalilinsa ko da bai gamsar da ke ba. Wani gori ne ya ishe shi, an ce masa ɗan Inna. Wani aikin dare yake yi yana neman abin da zai hana shi barci. Wani kuwa damuwa ce da ba wanda ya taɓa tambayarsa, ko faɗuwa jarrabawa, ko rikicin gidan da mu manya muke zaton yara ba sa gani. Kuma kada ki cika shi da labarin ciwon da zai zo yana da shekara 50, a wurin ɗan 15 wannan kamar labarin lahira ne. Ki yi masa maganar abin da ya dame shi yau: numfashin da ke yanke masa a filin ƙwallo, baƙin leɓe, warin baki, da ranar da za a je nema masa aure a ce a yi bincike.

Ki yi masa lissafi kuma. Mu ƙaddara kara ɗaya naira 50 ne, ke kya sa farashin unguwarku. Kara 5 a rana naira 250 kenan. A wata 7,500. A shekara 91,250. Ki tambaye shi me zai saya da wannan kuɗi in an damƙa masa su a dunƙule.

Maganar uba fa? Ra'ayina shi ne a gaya masa. Shi ma makiyayi ne abin tambaya a kan ɗansa, kuma ranar da ya ji a bakin waje, laifin zai zama biyu, naki da na yaron. Sai dai a zaɓi lokaci da lafazi. Ba ya shigowa a gajiye ki tare shi da ita a bakin ƙofa ba. In kin san mai zafin hannu ne, ki bi ta wanda yake jin nauyi, yayansa, ko mahaifiyarsa, ko malaminsa, a zauna tare. Ki kuma sanar da yaron cewa za ki faɗa, kada ya ji kin ci amanarsa.

Idan kuwa maigidan ne da kansa ke sha, aikin ya fi nauyi, domin barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Ba a gyara miji da gori. Amma ko bai iya dainawa yanzu ba, akwai abin da za ki roƙa cikin ladabi: "Malam, don Allah in za ka saya ka saya da kanka, kada a aiki yaran nan. Kuma a daina sha a ɗaki, saboda ƙirjin jaririn ga." Yawancin masu sha ba sa son 'ya'yansu su gaje su. Uban da ya zaunar da ɗansa ya ce masa, "Ka gan ni nan, shekara 20 ina son in bari na kasa," ya yi wa'azin da ya fi nawa tasiri.

Ke kuma da kika gano ɗan abokiyar zamanki ne ke sha, ki tuna ɗakinsu ɗaya da naki ɗan. Ki same ta a asirce ki gaya mata yadda za ki so a gaya miki. Tsoron gori ne ya sa ɗalibata ta yi shiru wata 4.

Dainawa tana da wuya, kada ki raina. Kwana 3 na farko su ne mafi tsanani, sannan abin ya riƙa sauƙi cikin mako 2 zuwa 4. Zai yi fushi ba dalili, zai ci abinci kamar gara, barcinsa zai rikice. Ki yi haƙuri da shi, alamar jiki na warwarewa ce. Sha'awar kan taso ne kamar guguwa, ta yi 'yan mintoci ta wuce, don haka a samu abin da zai riƙe bakin da hannu: asuwaki, aya, gyaɗa, dabino, ruwan sanyi, ko ya tashi ya yi alwala. Goro da shayin tebur kuwa a ɗan jingine su, domin ga mai sha su ne 'yan rakiyar taba. Ku sa rana takamaimai, kada a tsaya ga "zan rage". Watan azumi dama ce babba, tunda wanda ya iya haƙura daga alfijir zuwa faɗuwar rana ya riga ya yi rabin aikin, abin da ya rage a tsare shi ne tsakanin buɗa-baki da asham. Kuɗin da yake kashewa kuma ya riƙa kawo miki kullum kina jefawa a asusu, in sun taru a saya masa 'yar tunkiya, ya ga abin da hayaƙi ke cinyewa yana tafiya da ƙafa huɗu.

Ki ba shi albishir kuma. Cikin awa 12 da dainawa gubar nan irin ta janareto takan sauka daga jini. Cikin mako 2 zuwa 12 numfashi kan inganta. Binciken likitocin Ingila da na ambata ya nuna wanda ya daina yana da shekara 30 ya kuɓuta daga kusan dukkan haɗarin, ina ga ɗan 15. In ya koma bayan ya daina, kada ki ce shi kenan. Mafi yawan waɗanda suka rabu da ita sai da suka gwada sau da yawa.

Akwai inda abin ya fi ƙarfin ɗaki. Ba duk mai shan sigari ne ke wucewa gaba ba, amma wanda ya iya zuƙar hayaƙi kuma ya saba da ɓoyo, wiwi ba ta yi masa nisa ba, kuma sau da yawa majalisar ɗaya ce. In kika ga ido ya yi ja kullum, magana na jan baki, barci ya wuce kima ko ya ƙaura gaba ɗaya, kaya na ɓacewa a gida, ko kika tsinci fankon ƙwaya ko kwalbar maganin tari, to ana maganar tiramadol ne ko sholisho ko kodin, wanda gwamnati ta hana shigowa da haɗa maganin tari mai ɗauke da shi a 2018. Nan sai asibiti. A fara da babban asibitin da ke kusa, in ya cancanta su tura ku asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kware. Zuwa Kware ba ya nufin ɗanki ya haukace, suna duba masu shaye-shaye. Ina kuma roƙonki kada ki miƙa shi inda za a sa masa mari a ƙafa da sunan gyara. Mun ga abin da 'yan sanda suka tarar a irin waɗannan gidaje a Kaduna da Daura a 2019, ɗaruruwan mutane cikin sarƙa, da tabon duka a jikinsu.

Ɗalibata dai ta bi ta wurin yayanta, shi ya zauna da maigidan. Bai kashe yaron ba. Ta ce ya daɗe bai ce uffan ba, sannan ya tashi ya tafi wurin mai teburin da kansa. Yaron ya daina cikin azumi, bayan Sallah da abokansa suka dawo daga Kudu ya koma, yanzu yana kan gwaji na biyu, ya shiga mako na 6. Asusun yana ƙarƙashin gadonta. Wankinsa kuwa ta mayar masa da abinsa.